Kyamara a Mazaunin Renske

A ƙauyenmu na Aldemar da ke bakin tabki, in ka ga abu ɗaure da igiya inda babu dalilin ɗaure shi, to Hidde Boonstra ya bi ta wurin. Tabaraunsa na rataye da igiya, makullin motarsa da igiya, har cokalin da yake juya kofi a cikin jirgin ruwa sai da ya huda masa mariƙi ya zura zare. Mun yi masa tsiya har mun gaji. Shi kuwa ko a jikinsa, sai dai ya dube ka ya tambaye ka tabarau nawa ka bai wa tabki tun da kake.

Direban tankar madara ne. Tun yana saurayi yake zaga gonakin shanu da sassafe yana kwasar madara, har gwiwarsa ta fara gardama da birki, aka sallame shi da furanni da dogon jawabi. Mutum ne mai faɗin kafaɗa, mai rowar magana, ga taurin kai irin na mutanenmu, in ya ce a'a ko fasto sai ya haƙura. Ban da aiki, abu biyu ya sani a duniya: matarsa Renske, da ƙaramin jirginsu na katako mai ƙyallen kama iska guda biyu wanda suka raɗa wa suna Tsattsewa. Jirgin ba shi da inji, iska ce abincinsa, kuma mutum biyu ne cikinsa, na uku sai dai ya tsaya a kwata yana ɗaga hannu.

Ranar da ya fara ɗaukar Renske a jirgi, tun ba su yi aure ba, rawar kai ta ɗebe shi. Yana son nuna gwaninta, sai ya juya jirgin bai ce uffan ba. Sandar da ke riƙe da gindin babban ƙyalle kuwa, in jirgi ya juya, sharowa take yi daga wannan gefe zuwa wancan, daidai kan wanda ke zaune a tsakiya. Ta sami Renske a goshi. Ɗinki aka yi mata, kuma tabon bai taɓa ɓacewa ba. Ita dai cewa take ta aure shi ne don ya ɓata kaya, dole ya saya. Shi kuwa a ranar ya yi wa kansa alkawari, ba zai sake juya jirgi ba sai ta amsa masa da bakinta.

Haka muka taso muna jin su a kan ruwa, shi a baya riƙe da sandar tuƙi, ita a bencin tsakiya riƙe da igiyar ƙaramin ƙyalle, ta ba shi baya.

"Kin shirya?"

"Tun jiya."

"To sunkuya."

Ta sunkuya, sanda ta wuce ta kanta, ta ɗago. Shekara arba'in da ɗoriya ba su sake wa wannan magana ko wasali ba. Akwai shekarar da suka yi faɗa a kan fentin ɗakin girki, suka shiga tsere da fushinsu. Ya tambaya, ta yi gum. Ya sake tambaya, ta ɗaga kai tana kallon tsuntsaye. Muna ji muna gani Hidde ya tuƙa Tsattsewa tsaye cikin kyauro, a gaban duk ƙauye, da dai ya juya ba da izininta ba. Ɗakin girkin kalar da take so aka shafa masa.

Ciwon Renske ya fito ne a watan Mayu, kuma bai yi wasa ba. Kafin Satumba an kwantar da ita a gidan jinya na cikin gari, irin wanda ba a kai mutum don ya warke. Tagar ɗakinta wurin ajiye motoci take kallo. Hidde kullum yana can daga hantsi zuwa la'asar, zaune da hularsa a gwiwa, ba ya cewa komai, ita ce mai maganar.

Abin da ya tsaya mata a rai shi ne rufe ruwa. Asabar ta ƙarshe a Oktoba duk jiragen Aldemar kan fita tare, su zaga Tsibirin Shanu su dawo, a ja su tudu a lulluɓe sai baɗi, sannan a sha miyar wake mai kauri da tsiran alade a rumfar ƙungiyar masu jirage. Tun aurensu Renske ba ta taɓa fashi ba, har shekarar da take ɗauke da cikin 'yarsu Marrit.

Wata rana ta ce masa, "Bana sai ka ɗauki Okke. Ya fi ni nauyi, amma aƙalla ba ya baƙar magana."

Okke maƙwabcinsu ne, tsohon mai gyaran famfo, mai surutu kamar rediyo.

Hidde ya ce, "Ba na ɗaukar kowa."

"To ni dai ba zan zaga tsibiri bana ba, Kyaftin. Ka sani, na sani."

Ya juya hularsa a gwiwa, ya ce, "Za ki zaga."

Bai san yadda za a yi ba da ya faɗa. Marrit ce ta zo daga birni da wani ɗan abu kamar akwatin ashana, a cikin kwanson roba mai haske. Ta ce kyamarar bidiyo ce, ruwa ba ya shigarta, a ɗaura a jirgi ta ɗauko komai, a kawo wa Mama ta kalla a talabijin ɗin ɗakinta. Hidde da ko wayar hannu sai an yi masa dole yake ɗauka, ya juya abin gaba da baya, tambayarsa ɗaya, ina ramin zura igiya.

A rumfar ƙungiya kowa ya zama gwani. Wannan ya ce a kan dogon ginshiƙin da ke ɗauke da ƙyalle, wancan ya ce a ƙarshen sanda, wani ya ce a goshinsa zai ɗaura kamar mai haƙar ma'adinai. A ƙarshe ya bi masu rinjaye, ya kafa ta a hancin jirgi tana kallon gaba, ya fita ya yi yawo ya dawo. Hoton ya yi kyau, babu ƙarya. Ruwa na tsagewa, sama garau, ga hasumiyar coci can nesa.

Renske ta kalla na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Jirgin wa ne wannan?"

"Namu mana."

"Ina ƙyallena? Ina igiyata? Ni na taɓa zama a hancin jirgi, ko agwagwa ce ni? Wannan ai tabkin kowa ne, Hidde. Kuma me ya sa shiru kamar an toshe mini kunne?"

Marrit ta ce kwanson ne, yadda yake hana ruwa shiga haka yake hana sauti. Hidde ya ji kunya ƙwarai, ya kuma ji haushin kansa, don gaskiyarta ce. A duk zamansu bai taɓa tambayar kansa me take gani daga inda take zaune ba. Shi dai bayanta ya sani, da gashinta da iska ke kaɗawa.

Karo na biyu shawarar Okke ya bi. Okke ya kawo wata roba mai kama da ƙoƙo wadda ake mannawa, ya rantse ko doki aka ɗaura mata ba za ta saki ba. Suka manna a gefen jirgi kusa da bencin tsakiya. Igiyar ruwa ta farko da ta mari Tsattsewa, roba ta ce sai wata rana. Allah ya so Hidde ya ɗaura zarensa, sai kyamara ta yi ta bin jirgi a ƙarƙashin ruwa, shi bai ma sani ba sai da ya dawo kwata. Ya so ya ɓoye, Marrit ta ƙi, ta kunna wa uwarta. Koren ruwa ne zalla, da ciyayi, da kumfa, sai wani kifi da ya leƙo ya wuce abinsa.

Renske ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sai da ma'aikaciyar jinya ta shigo ta ɗaga mata filo.

Ta ce, "Ka gaida Okke. Ka ce na gode, ashe haka ƙasan tabki yake. Duk tabaran mutanen Aldemar ban ga ko ɗaya ba."

Wannan ce dariyarta ta ƙarshe mai ƙarfi. A wannan makon ne likita ya tsayar da Hidde da Marrit a baranda, ya yi musu magana a hankali, irin maganar da ba a buƙatar a maimaita. Rufe ruwa saura mako biyu, kuma likitan bai yarda ya ce za ta kai ba.

Washegari Hidde ya zo da igiya a aljihu. Ya ɗaga bargo kaɗan, ya ɗora bakin igiyar a ƙugunta, ya ja har saitin idonta, ya ƙulla.

Ta buɗe ido ta ce, "Awon akwatin gawa kake yi tun yanzu? Ka bari mana in tafi tukuna."

"Ki daina wannan magana."

"To mene ne?"

"Tsawonki a zaune."

Ta kalle shi, sannan ta ce, "Ka rage yatsa biyu. Na daɗe da daina zama a miƙe."

Kwana da kwanaki yana cikin rumfar bayan gidansa. Ya yanko guntun tsohon itacen tuƙi daidai awon igiyar, ya rage yatsa biyu, ya kafa shi a bencin tsakiya inda katakon ya yi santsi saboda zamanta, ya ɗaure kyamara a kai tana kallon gaba. Da ya gwada kaɗa sandar babban ƙyalle, sai ta zo ta daki kyamarar a goshi, ƙwal. Ya daɗe tsaye yana kallon abin. Itace ba ya jin "sunkuya".

Wani zai rage tsawon itacen ne kawai ya huta, amma ba Hidde ba. Ya ciro maɗaurin ƙofar tsohon kabad ya sa a gindin itacen, ya haɗa da robar tayar keke, ya ja zare daga wuyan itacen ta cikin wani zobe a ƙasan jirgi har zuwa inda ƙafarsa take. In ya taka zaren, kyamara ta duƙa. In ya saki, roba ta ɗago ta. Sannan ya ɗauki abin huda ya yi wa bayan kwanson ramuka ƙanana.

Marrit ta riƙe kai da ta gani. "Baba, kyamarar da ruwa ba ya shiga ce ka mayar da ita rariya?"

"Uwarki ta ce an toshe mata kunne."

"In ta jiƙe fa? Babu wata damar, ka sani."

"Ruwa ta gaba yake zuwa. Ta baya ni ne kawai."

Okke ya leƙo ta kan shinge, ya ga itace na ruku'u yana ɗagowa, ya buɗe baki zai yi tsiya. Da ya dubi fuskar Hidde sai ya mayar da bakinsa ya rufe, abin da ba mu taɓa jin ya yi ba.

Renske ta kai ranar. Da ƙyar, amma ta kai. Asabar ɗin ta waye da sanyi da iskar yamma mai kyau, agwagin daji na wucewa sahu-sahu. Jirage suka cika kwata, kowa da abokin tafiyarsa, Hidde shi kaɗai da itacensa. Babu wanda ya yi masa tsiya. Matar mai burodi ta wuce ta gefensa ta ce wa kyamarar, "Barka da asuba, Renske," sai sauran ma suka bi, kowa in zai wuce ya gaishe ta. Hidde ya sunkuyar da kai yana ta ƙulla igiyar da ta riga ta ƙullu.

Iskar daga wajen tsibirin take busowa, don haka dole a je masa a karkace, a yi dama a juya a yi hagu, a juya kuma. Tuƙa jirgin mutum biyu da hannu biyu da ƙafa ɗaya ba wasa ba ne ga tsoho, shi ya sa ba mu yi mamaki da muka bar shi a baya ba. Abin da ya ba mu mamaki shi ne yadda yake makara a kowane juyi. Sai ya doshi kyauro har mu ce ya shiga, sannan a ƙurarren lokaci ƙyalle ya kaɗa. Shi ne na ƙarshe da ya zaga tsibiri, shi ne na ƙarshe a kwata. Bai tsaya shan miya ba. Ya kwance kyamara, ya naɗe ta a hularsa, ya bar mana Tsattsewa mu ja tudu.

Da la'asar ya isa gidan jinya, ko takalmin ruwa bai cire ba. Shi kansa bai ga abin da aka ɗauka ba. Marrit ta haɗa da talabijin, aka ɗaga kan gadon, ya zauna a gefe da hannun Renske cikin nasa. Hannun ya zama kamar babu komai a ciki.

Hoto ya fito. Ga gindin ginshiƙi, ga ƙaramin ƙyalle da facin da ita ta ɗinka, ga igiyarta mai jan zare kwance a inda take ajiye ta. Ga muryoyin mutane suna gaishe ta ɗaya bayan ɗaya. Sai ƙarar ruwa a jikin katako, da kukan ƙarfen da ya daɗe yana neman mai.

Ta ce a hankali, "Yawwa. Wannan ne jirgina. Har yanzu ba ka sa wa ƙarfen nan mai ba."

Jirgi ya yi ta tafiya, kyauro ya fara matsowa. Sai murya ta fito daga bayan kyamara, muryar Hidde.

"Kin shirya?"

Hidde ya daskare a kujera. Wallahi bai san ya faɗa ba. Bakinsa ne ya yi abin da ya saba, kamar yadda ƙafa ke sanin hanyar gida. A cikin hoton kuwa babu mai amsawa, sai ruwa da iska, kyauro na ƙara girma, mutumin da ke bayan kyamara yana jira.

Daga kan gado Renske ta ce, "Tun jiya."

Jim kaɗan muryar ta ce, "To sunkuya." Hoto ya duƙa, ga katakon ƙasan jirgi, ga gwangwanin kwarfe ruwa da zarensa, inuwar sanda ta wuce, hoto ya ɗago a ɗaya gefen. Renske ma ta ɗan sunkuyar da kanta a kan filo. Marrit ta tashi ta tsaya a taga ta ba su baya.

Renske ta ce, "Ka daɗe kana jira, Kyaftin. Saura ƙiris ka shiga kyauro."

"Ba ki amsa da wuri ba."

"Ina nan ina fama da filo, ka yi haƙuri."

Haka suka yi ta tafiya. Duk juyi muryar ta tambaya, ta bar fili, Renske ta cika shi. Da farko da tsiyarta take amsawa, har tana gaya masa ya saki igiya kaɗan, ƙyalle ya yi tauri. Daga baya amsar ta koma raɗa, sai ya kai kunnensa kusa da bakinta. Ga tsibiri ya taso a gaba, har ana ganin bishiyoyinsa da tsohon shingen shanu. Juyi ɗaya ya rage su zaga bayansa, iska ta koma bayansu ta kai su gida.

"Kin shirya?"

Shiru. Hidde ya dube ta. Idonta a rufe, numfashinta na fita a hankali, barci ya ɗauke ta, tabon nan na goshinta ya yi fari a hasken taga. A talabijin kyauro na matsowa. Ya miƙa hannu ya danna abin tsayarwa, hoto ya tsaya cak.

Marrit ta juyo tana share ido. "Baba, bari ya ƙarasa mana. Ko a barci za ta ji."

"Ba ta amsa ba."

"Saura kaɗan fa su zaga."

"Sai ta farka."

Washegari ya dawo da hantsi, ya zauna, abin dannawar a hannunsa. Ta buɗe ido sau ɗaya ko biyu, amma ba ta san inda take ba. Ya yi ta jira. Ranar Talata da rana tsaka Renske ta rasu, talabijin na nan yadda ya bar shi, domin ya roƙi ma'aikatan kada a kashe, su kuma ba su iya ce masa a'a ba.

Baƙin cikin Hidde ba mai hayaniya ba ne. Yana share ƙofar gidansa, yana gaida mutane, yana zuwa coci. Ya dai rame, kuma rigarsa ta yi masa yawa. Ya sa wa ƙarfen nan mai, a tsakiyar hunturu, jirgi na lulluɓe a tudu babu mai jin kukansa. Itacen yana nan kafe a bencin tsakiya, bai cire ba.

A watan Janairu mukan taru a rumfar ƙungiya mu kalli hotunan shekara, mu sha kofi da burodi mai sukari. Okke ne ya roƙi Hidde ya kawo bidiyon, don duk mun ji labarinsa daga bakin Marrit. Mun zaci zai ƙi, sai ga shi ya zo da shi. Muka zauna muka ji kanmu muna gaida Renske. Muka ji tambaya, muka ji shirun da ke bin ta, kuma a nan ne muka gane abin da ya riƙa makarar da shi a ranar.

Da tsibiri ya taso, muryar ta ce, "Kin shirya?" sai Hidde ya miƙe ya danna, hoto ya tsaya. Ya zare wayar, ya naɗe kyamara da zarenta, ya sa a aljihu.

Okke ya gyara murya ya ce, "Mutumina, sauran fa? Ai ka zaga, da idonmu muka gan ka."

Hidde ya sa hularsa. Ya ce, "Ni na zaga. Ita ba ta amsa ba tukuna."